Raguwar ungulu ce ta jawo yawan karnuka a kan mushe?

Makiyayi, Gadarif, ƙasar Sudan:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. A bayan mayankar garinmu, inda a da ungulaye kan sauka a kan mushen jaki da hantsi su bar ƙashi zalla kafin la'asar, yanzu karnuka da hankaki ne ke kwana suna ja, wari kuma yana shiga har cikin unguwa. Shin ɓacewar ungulun ce ta tara karnukan nan?

Likitan dabbobi, Sinnar:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwai alaƙa, kuma Indiya ta ɗanɗana kuɗarta. A shekarun 1990 an yawaita yi wa shanu allurar diclofenac, wani maganin rage zafin ciwo, wadda ke lalata ƙodar duk ungulun da ta ci naman dabbar, har wani jinsin ungulu ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100, sannan gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006. Naman da ungulu ta bari ya koma bakin karnuka marasa iyayen gida, suka hayayyafa, barazanar ciwon haukan kare ta ƙaru. Abin da ya fi damuna shi ne, ruwan cikin ungulu yana da tsamin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, alhali kare yakan tashi daga kan mushe ya dawo tsakar gida inda yara ke wasa. Binciken da aka yi a Kenya ya nuna cewa mushen da ungulu ba ta sauka a kai ba yana kusan ninka lokacin ƙarewarsa sau uku, kuraye da diloli kuma suna ta cuɗanya a wurin.

Dattijo, Bur Sudan:
Ɗana, ka yi bayani mai gamsarwa, amma bolar gari ma tana ciyar da karnuka, kada a ɗora komai a kan ungulu. Game da raguwar ungulu kuwa, a nan wajenmu wayar lantarkin da ke zuwa Kor Arba'at, wani kwari kusa da garinmu, ta yi shekara da shekaru tana kashe farar ungulun da Larabawa ke kira rakama, sai a 2014 aka daina aiki da ita.

Likitan dabbobi, Sinnar:
Gaskiya ne, Baba. Roƙona ga makiyaya shi ne su nemi meloxicam, maganin ciwo da ba ya cutar da ungulu, maimakon diclofenac, su kuma daina zuba guba a mushe don kashe kura, domin a Botsuwana a 2019 ungulaye 537 suka mutu a kan gawar giwaye uku da aka sa wa guba.