An taɓa yanke min hukunci saboda giya, shin zan tsallake tantancewa?

Ɗan Kakuri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan fom yana kan tebur na kasa cikawa. Wani kamfani mai kwangila a cikin bariki ya ɗauke ni aikin wutar lantarki, amma sai jami'an tsaro sun tantance ni kafin a ba ni katin shiga. Akwai layin da ke tambaya ko kotu ta taɓa samuna da laifi.

Ta taɓa. A 2016 ina shan giya sosai, kusan kullum ina Sabon Tasha har dare ya raba. Wata rana na bugu na fasa wa wani mutum baki. Majistare ya ce wata uku ko tarar naira dubu ashirin, yayana ya biya. Daga baya na yi wata biyu ina zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, kuma tun azumin 2017 ko ɗigo ban ƙara kai wa bakina ba. Yanzu ina da mata da 'ya'ya biyu. Abokina ya ce in rubuta a'a, tunda ban kwana a gidan yari ba. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuke gani?

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka bi shawarar abokinka. Masu tantancewa ba fom kaɗai suke karantawa ba. Sukan je wajen mai unguwa, su tambayi maƙwabta da wanda ya tsaya maka. A Kakuri wa bai san abin da ya faru ba? Ranar da aka gano ka ɓoye, ba za a yi maganar giyar ba ma, za a ce maƙaryaci ne, a karɓe katin. Da a ce soja za ka shiga, da na ce ka haƙura, domin sharaɗin ɗaukar kurata a Zariya ya hana wanda kotu ta taɓa samu da laifi. Ma'aikacin ɗan kwangila kuwa akan duba irin laifin da daɗewarsa.

Anti Lauya:
Ƙanena, tara ma hukunci ce. Da zarar alƙali ya ce ya same ka da laifi, ya shiga littafi, ko ka kwana a gidan yari ko ba ka kwana ba. Ka je rajistarar kotun ka nemi kwafin hukuncin mai hatimi, da rasidin tarar in yana nan. Ka karɓo takarda daga likitan Barnawa. Sannan ka nemi takardar shaidar hali ta 'yan sanda ta shafinsu na intanet mai suna POSSAP. Za su ɗauki hoton yatsunka su gwada da kundin masu laifi da ke Alagbon a Legas. Gara ka riga su sanin abin da ke ciki. Sashe na 212 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon yafe laifin jiha, amma hanyar na da tsawo, kada ka jira ta.

Baban Hanif:
Ni a Amurka nake, kuma na cika irin wannan fom ɗin, SF-86. Yawancin tambayoyin shekara 7 baya suke nema, amma laifin da ya shafi giya ko ƙwaya ana tambaya ko ka taɓa yi a duk rayuwarka. Yin ƙarya a kansa laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 5. Duk da haka ƙa'idarsu ta yarda a duba tsawon lokacin da ya wuce, da ko mutum ya amince yana da matsala, da ko ya kammala magani. Abin da suke tsoro shi ne sirrin da wani zai riƙe ya juya ka da shi. Wanda ka faɗa da bakinka ba mai iya yi maka barazana da shi.

Ɗan Kakuri:
Allah ya saka da alheri. Na rubuta e, na ƙara shafi guda na bayani. Yaya ya ce rasidin na cikin akwatinsa. Baba Saje, liman ɗinmu ya san komai tun farko, zai iya tsaya min ko dole sai ma'aikacin gwamnati?

Tsohon Saje:
Duba fom ɗin, wasu sukan ce sai mai babban matakin albashi. In ba su ƙayyade ba, ka sa liman da mai unguwa, kuma ka je ka sanar da su da kanka kafin a kira su.