Musayar Baitoci Kan Yaronmu Mai Lamba 6

Kawun Mabera:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ni ad da damuwa, kuma da baiti zan kawo ta yadda munka saba. Ɗan ƙanwata ne, shekara 19, ɗan wasan tsakiya, lamba 6 shika sawa. Bara yas sa hannu ga kwantiraginai na farko da wata ƙungiya mai buga gasa ta biyu ta ƙasa. Na ɗora amsa-amo kan "ya", wanda yag ga ta yi mai ƙunci shi canza.

Da sunan Ta'ala nika buɗe zance,
Mai ba da sa'a, Sarkin gaskiya.

Salati ga Manzo, Ɗaha ɗan Amina,
Da alai, sahabbai, taurarin shiriya.

Ina da yaro, jinin ƙanwata,
Na goye shi tun bai iya tahiya.

Da ƙwallon tsumma yas soma wasa,
Cikin rairayi, gindin magarya.

Ƙafa ba takalmi, rana na tsaka,
Shi komo da jini, ya taka ƙaya.

Uwar ta yi duka, ni na yi roƙo,
Nic ce a bar shi, ƙila nan ce hanya.

Ba shi cin ƙwallo a ɗauke shi sama,
Aikinai tsaron gida daga tsakiya.

Taɓawa biyu ce, shi tsai da, shi miƙa,
Shi koma gurbinai ba hayaniya.

Ga baƙo ya zaka da jaka da kati,
Ya ce Turai na jiran mai zuciya.

A kawo kuɗin biza har da na jirgi,
Wata ukku yaro shi zan dukiya.

Ƙanwata ta ɗauko takardar hili,
Gadon ubanmu, shi ke nan ɗaya.

Ku ba ni shawara, 'yan uwana,
Dare ukku ke nan ina ta juya.

Ɗan Arkilla:

Kawu, na gaishe ka da ladabi,
Ka bar yaro ya faɗi tasa ɗaya.

Ƙafar ɗan ƙwallo damina ce,
Kafin ka gama shuka ta juya baya.

Mikel Obi a Jos ya taso, Plateau United,
Da ƙuruciyarsa ya bar Nijeriya.

Ya sauka Nowe, ƙasar ƙanƙara,
Lyn ta Oslo ta buɗe masa hanya.

A 2005 an tara matasa a Holan,
Messi na ɗaya, shi na biyu a duniya.

Chelsea ta ɗauka, ga kofin Turai 2012,
Mun kwan gidan kallo ba gajiya.

Da ya tsaya jiran albashin gida,
Wa zai san shi har ya yi tambaya?

Fili in ya tafi a sayi wani gobe,
Wa ya taɓa sayo ƙuruciya?

Tsohon Koci na Runjin Sambo:

Ɗana na Arkilla, baitinka ya yi daɗi, amma ka tsallake gaɓa. Na koma "ra".

Shekara 30 ina bisa hili,
Usur a baki, ina horon yara.

Mikel ba mai jaka yak kai shi ba,
Rigar ƙasa ce tay yi mai bushara.

Finlan, 2003, gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17,
Nan masu nema sunka yi mai ishara.

Duk da hakanga rigima tat tashi,
Chelsea da Manchester United sunka shiga takara.

Yaro na tsaka, manya na ja-in-ja,
Ba a sasanta ba sai bayan shekara.

In mai suna ya sha wagga wahala,
Ina ga namu da bai ko fara?

Kawu, wanga yanki ba zan waƙe shi ba, don kar a ce azanci ne. Ƙungiyar da ka son gwada yaro takan aiko da takardar gayyata mai hatiminta zuwa ga ƙungiyar da shika bugawa, kuma galibi ita ka ɗaukar jirgi da masauki. Ejan na gaskiya, wato dillalin 'yan wasa, shina da lasisin FIFA, hukumar ƙwallo ta duniya, tun 2023 ma sabon shiga sai ya ci jarrabawa kafin a ba shi, ladanai kuma cikin cinikin shika fitowa, ba cikin hilin uwa ba. Sannan yaron ga da kwantiragi a wuyanai. Ko ya ci gwajin, ba shi taka ƙwallo a wata ƙasa sai ƙungiyatai ta sake shi, hukumar ƙwallo ta ƙasa, NFF, ta tura takardar canjin sheƙa. Ka tambayi baƙon takardar gayyata da lasisinai, ka saurari yadda muryatai za ta yi.

Ku dubi namu, haihuwar Sakkwato,
Shehu Abdullahi, ya hau da dabara.

Pillars ta Kano yab buga tukuna,
Keshi, kocin ƙasa, yag gan shi, yay yi mai kira.

Gasar 'yan gida, Afirka ta Kudu, 2014,
Na ukku munka zo, kasuwatai taf fara.

Kuwait ta kira, sai Madera ta Fotugal,
Sai Saifurus, tubali shika ɗora.

Olamfik na Riyo, 2016, ya rataya tagulla,
Bursaspor ta Turkiyya, Kofin Duniya na Rasha, 2018, duk a shekara.

Ɗan tsakiya ne, anka ce koma dama,
Bai yi musu ba, yat tsaya yag gyara.

Tsohon Lamba 8 na Gawon Nama:

Ban cika sa baki a zaure ba, karatu nika yi in wuce. Yau ba ni iya shiru.

Koci ya faɗi doka, ni zan faɗi ciwo,
Abin da yaf faru a kan idona.

Ina da shekara 20 wani yaz zo hakanga,
Hotunan hilaye shina ta nuna.

Bijimai biyu Baba yak kai Kara,
Yad dawo da igiya, bai yi magana.

Mu 12 anka sauke wani birni,
Ƙasar Larabawa, ɗaki guda munka kwana.

Yak karɓi fasfo, wai za a sa hatimi,
Mu jira shi kafin faɗuwar rana.

Wayatai a kashe tun daga ran nan,
Mai otal yar riƙe jakata da takalmana.

Fasfo a leda munka tsinta ga mai gadi,
Bizar ciki ta baƙon 'yan kwana.

Wata huɗu, shayi da guntun burodi,
Ƙwallo ba ta ko ga ƙafafuna.

'Yan kasuwarmu na can sunka yi karo-karo,
Ƙofar masallaci anka haɗa na jirgina.

Nid dawo an ba wani lamba 8,
Mai horarwa ya manta sunana.

Yau keke nika ja daga Gawon Nama,
In na bi ta hilin ƙwallo na Giginya sai in kau da kaina.

Baba ya rasu ban mai da shanu ba,
Kawu, wanga shi ka cin raina.

Gwaggon Kanwuri:

Allah shi jiƙan Baba, ɗana, shi saka ma,
Na karanta da hawaye, na rasa ta cewa.

Amma ku maza kun yi ta zancen baƙo,
Ba wanda yal leƙa zuciyar uwa.

Ba kwaɗai yas sa ta ɗauko takarda,
Ta gaji da ganin ɗanta cikin damuwa.

Ita ka wanke safa mai jini da dare,
Ita ka gasa mai ruwan zahi ga gwiwa.

Wata shi mutu, albashi bai zaka ba,
Ita ka ba da na mota, cinikin daddawa.

Duk ran wasa ba ta iya cin abinci,
Tana bisa sallaya har shi yi dawowa.

Malam, kar ka shiga gidanta da faɗa,
Ka zauna tabarma, ka soma da gaisuwa.

Ka karanta mata baitin mai lamba 8,
Ka bar ta ta yi kuka, kar ka yi tsawa.

Sannan ka tuna mata hili amana ne,
Yaron ga na da ƙanne masu tasowa.

Ɗan Arkilla:

Yaya na Gawon Nama, ka yafe ni,
Ban san da wannan a bayan tafiya.

Amma Koci, in ya zauna wa zai gan shi?
Wa ke ɗaukar hoton ɗan tsakiya?

Wanda ya zura ake yaɗawa a Facebook,
Wanda ya ƙwato ba a ko tambaya.

Tsohon Koci na Runjin Sambo:

Wagga tambaya ta fi ta farko, ɗana. Ita ce ta hana ni barci shekaru, don na ga yaran da sunka baro tsakiya sunka koma gaba saboda a san su, daga nan ƙwallonsu tal lalace. Ga amsa da "ki".

Mai neman 'yan wasa ba raga shika kallo,
Ya san gurbin da anka ɓoye aiki.

Shina ƙirga sau nawa yaro yaw waiwaya,
Tun kafin ƙwallo ta iso ga jiki.

Shin ya buɗe ƙirji ga faɗin hili,
Ko ya ba shi baya awa mai shiga ɗaki?

In an ɓarar, wa ka fara komowa?
Minti 80, shina gudu ko shina tsaki?

Alhassan Yusuf daga Kano yat tashi,
Suwidin, sannan Beljiyam, bisa mataki.

Antwerp tac ci gasa da shi, 2023,
Kiran ƙasa yaz zo ba mamaki.

Ndidi na jinya, Kofin Afirka ya matso,
Alhassan yat tahi Kodebuwa madadinai, yas shiga ciki.

Rabi'u Ali ko gida yaz zauna,
2012, 2013, 2014, Pillars na buki.

Ya haura 40 shina raba ƙwallo,
Pele aka ce mai, bai sauka bisa doki.

Sai abu guda, Kawu, ka gaya ma yaro,
Zuciyar ɗan tsakiya tana son birki.

Na tuna Sani Kaita, gwanin ƙwace,
Da azurfar Olamfik na Beijin, mutumin kirki.

Muna cin Girka 1-0 a Kofin Duniya na 2010,
Fushin daƙiƙa guda yab bar mai miki.

Jan kati, anka juye mu 2-1,
Har yau in an tuna sai a riƙe baki.

Kawun Mabera:

Allah shi saka maku duka. Gwaggo, na bi maganarki. Koci, na buga wayar gaban uwar da yaron, na sa kowa na ji. Ga yadda ta kaya.

Bayan la'asar nit tahi gidanta,
Niz zauna tabarma, nit tambayi lahiya.

Nik karanta mata igiyar Baba,
Ta rufe fuska da gyale, ba dariya.

Ta shiga ɗaka ta ɗauko takarda,
Ta ce, "Yaya, riƙe min ita ajiya."

Nik kira baƙo, nic ce ina gayyata?
Ya ce za ta iso da sahiya.

Nic ce lasisi fa? Yay yi gyaran murya,
Ya ce manya ba su son yawan tambaya.

Wai in Jumu'a ta wuce ba a biya ba,
Gurbin ya tahi ga wani, ƙarya ko gaskiya,

Ni dai ban sake hannuna ba,
Takarda na nan ƙasan akwati, ta tsaya.

Amma yaro ya tashi ya bar mu zaune,
Idonai ja, bai ko waiwaya.

Akushi guda muka ci tun shina rarrafe,
Daren jiya ni kaɗai nis sha miya.

Gani shikai na tare mai arziki,
Abin ga ya tsaya min ga wuya.

Tsohon Lamba 8 na Gawon Nama:

Kawu, kar ka matsa mai, ni ma haka niy yi ma Baba lokacin da yaf fara nuna shakka. Ka ba ni izini in zo in ɗauke shi da kekena, mu biyu kawai.

Tsohon fasfon na nan cikin akwatina,
Shi karanta bizar da kainai, zan nuna.

Tsohon Koci na Runjin Sambo:

To ka biyo da shi ta wurina. Gobe da an sallame asuba ina bakin Giginya da ƙwallo biyu, kafin ranar Sakkwato ta buɗe ido. Akwai yaron da zai ɗauke mana shi da waya, mu fara tara hotunan wasanai yadda ya kamata a nuna ɗan tsakiya.

Shi taho da takalmi da gorar ruwa,
In ga ƙafar hagu, can nika son gyara.

Kai ma lamba 8, ka sa wandon wasa,
Ina son mai ba shi fasin, ƙarfe shida mu fara.