Neman kalmar Hausa: zaman Kristi mutum

Mai tambaya: Salama gare ku. Ina shirya darasin Kirsimeti da za a sa a rediyo ranar Asabar, kuma ina neman suna guda da zai ɗauki abin da Turawa ke kira incarnation, domin littafin da nake fassarawa yana maimaita ta a kowane shafi. Haka kuma "haihuwar budurwa" ba ta kwanta mini ba.

Fasto: 'Yar'uwa, Yahaya 1:14 ya riga ya ba mu hanya, inda aka ce Kalman, wato Kristi, ya zama mutum. Ki rubuta "zaman Kristi mutum".

Ɗalibi: Ni kuwa ina ganin "shiga jiki" ya fi kusa da asali, tunda tushen kalmar a Latin nama ne.

Fasto: Ɗana, Bahaushe in ya ji an shiga jikin wani, iska ko aljani zai kawo a ransa. "Zama jiki" kuma sabawa da abu yake nufi. Majalisar Kalsidon ta shekarar 451, wato taron shugabannin ikkilisiya, ta tsayar da cewa Kristi cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, saboda haka duk kalmar da ta nuna kamar aron jiki ya yi ta ɓata koyarwar.

Dattijo: Abin kunya ne a ce harshen da ya sami cikakken Littafi Mai Tsarki tun 1932 yana zagaye-zagaye da jimla, alhali Larabawa suna da tajassud. Na daɗe ina ba da shawarar "jikantuwa", amma masu digiri ba sa karɓar abin da bai fito daga bakinsu ba.

Ɗalibi: Baba, da girmamawa, wanda ya ji "jikantuwa" zai ɗauka maganar jika da kaka ake yi.

Dattijo: Kunne yana sabawa. Wace kalma ce aka haife ta da haƙora? Ku ne kuke cewa "tiyoloji" a kan bagade ba tare da kunya ba.

Mai tambaya: Baba, a yi haƙuri, lokaci yana ƙure mini. Batun budurwa fa? A yau kalmar tana nufin duk yarinyar da saurayi ke nema, kuma "haihuwar budurwa" tana iya nufin ita aka haifa.

Fasto: Ki bi bakin Maryamu a Luka 1:34, ki ce budurwa ce wadda ba ta san namiji ba. Masu sauraro Musulmi za su gane wannan nan take, domin Suratu Maryam ta zo da shi, ko da yake ba su yarda cewa Allah ya zama mutum ba, don haka kada ki haɗa batutuwan biyu a suna ɗaya.

Mai tambaya: Na gode. Zan yi amfani da "zaman Kristi mutum" da kuma "haihuwar Yesu ta wurin budurwa".

Dattijo: Don shirin Asabar na ƙyale, amma wannan bayani ne, ba suna ba ne. Ranar da za a rubuta ƙamus zan sake kawo tawa.