Musayar Waƙa: Jinin Duniya Guda, A Wuyan Wa?

Malam Tauraro:
A fim ɗin Star Wars, 1977, Gwamna Tarkin ya ba da umarni,
duniyar Alderaan ta koma toka, ba ƙauye ba birni.
Vader, abokin aikinsa, na riƙe da Gimbiya Leia, ko uffan bai ce ba,
a fim na 1983 ya ceci ɗansa, ya cika, ba a tuhume shi ba.
'Yan'uwa, tuban bakin kabari ya isa diyya?

Hajiya Zara:
Malam, kashe azzalumi ba shari'a ba ce,
marubuci ya gaji, hanyar ratse ce.
In hisabi kake so, bi sarƙar daki-daki:
mai zana makami, mai sa hannu kan aiki,
mai cewa a harba, da mai jan kunama.
Dokar kotun Nuremberg ta 'yan Nazi, 1945, sashe na 8 ya gama:
cewa "umarni na bi" ba ya wanke laifi,
iyakarsa sassauci, in alƙali ya ga dama.

Ɗan Auta:
Hajiya, to littafin Ender's Game fa, na 1985?
Ender yaro ne, an ce masa atisaye ne a kwamfuta,
ya ragargaza duniyar maƙiya, jinsi ya ɓata.
Graff da Mazer, masu horar da shi, sun sani, suka rufe baki.
Kotun soja ta zauna kan Graff, ta yi saki,
maganarta yara biyu ne da suka mutu a hannun Ender,
jinsin da aka shafe bai shiga ƙara ba.

Malam Tauraro:
Auta, a dokar Rum ta 1998, ta kotun manyan laifuka ta duniya, akwai mizani:
sashe na 26 ya cire ɗan ƙasa da 18,
na 28 ya damƙe kwamanda da ya sani.

Hajiya Zara:
Wanda ya fi tsaya mini a rai "Duet" ne,
na shirin talabijin Deep Space Nine, 1993 ne.
Marritza akawu ne a sansanin Gallitep,
dare ya yi, yana toshe kunne don ihun fursuna.
Ya sa aka sauya masa fuska, ya ari suna,
wai shi ne Darhe'el, kwamandan sansanin, don a gurfanar da Cardassia, ƙasarsu.
Cutar Kalla-Nohra da ke jikin Marritza ce ta tona asiri:
ranar haɗarin ma'adinai da ya jawo ta, Darhe'el ya yi tafiya,
kuma tuni an binne shi, da shaida a rubuce.
Kira, jami'ar da ke tuhumar Marritza, ta sake shi, wani ya soka masa wuƙa a baya,
wai ɗan Cardassia ne, hujja ta isa.
Kira na durƙushe kan gawa, ta ce ba ta isa ba.