Musayar Waƙa: Kafin a Tsoma Ƙafa a Maɓuɓɓugar Ruwan Zafi

Mai Taswira:

Salamu alaikum 'yan'uwa,
Ga batu na kawo na tattaunawa:
Ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa
A can daji, inda mota ba ta zuwa.

Mai niyya ya fara da sanarwa,
Ya faɗa wa wani ranar dawowa.
Taswira a waya tun gida ake saukewa,
Don sabis a kwari yana ɗaukewa.
Ruwan sha lita 3 kowa ke ɗaukowa,
Na maɓuɓɓuga ba a kurɓawa,
Akwai sinadaran da tafasa ba ta cirewa.
Malam, wace wuta ce ke dafawa?

Masanin Dutse:

Wa alaikumus salam ƙanena, ga amsa:
Ruwan sama ne ya nutse cikin ƙasa,
Ya bi tsagar dutse ya yi nisa,
Duk kilomita 1 da ya gangara ƙasa
Digiri 25 zuwa 30 ke ƙaruwa a kansa.
Da ya ɗau zafi sai ya nemi bisa,
Ta wata tsagar ya sami mafitarsa.
In kusa da dutse mai aman wuta ne gurbinsa,
To nan kam har yakan tafasa.

Wikki ta Yankari, digiri 31 ne ɗuminsa,
Mutane na iyo hankali kwance cikinsa.
Yellowstone ta Amurka kuwa ba a wasa,
Fiye da rai 20 ƙuna ta sa aka rasa.
Farin ɓawon da ke gefe, kar a hau kansa,
Siriri ne, ruwan wuta na ƙarƙashinsa.

Ɗan Jagora:

Malam, Allah ya ƙara maka.
Ga tsarin gwaji kafin ka sa jikinka:
Ɗaure ma'aunin zafi a kan sandarka,
Ka tsoma minti 1 sannan ka ɗauka.
Wuri 3 za ka auna da kanka:
Bakin idon ruwa, tsakiya, da mazauninka.
Ka taɓo ƙasan ma, kar sama ta ruɗe ka,
Wani idon ta yashi yake huda, ya gasa tafinka.
In ba ma'auni, to bayan hannunka
Ya isa ya ba ka labarin ruwanka.

Anti Nas:

Ɗana, wannan na ƙarshe ban yarda ba.
A digiri 60 daƙiƙa 5 ba wasa ba,
Fata ta saluɓe tun ba ka janye ba.
A 49 ma mutum bai tsira ba,
Mintuna kaɗan ne, ba awa ba.
38 zuwa 40 shi ne wanka, sama da nan ba wanka ba.

Minti 15 ka fito, ko daɗin bai ishe ka ba.
Zafi na buɗe jijiyoyi, ba ka sani ba,
Jini ya taru ƙasa, kai bai samu ba,
Ka miƙe da gaggawa, jiri bai bar ka ba,
Faɗuwa cikin ruwa kuwa ba ƙaramin abu ba.
Mai juna biyu ban ba ta izini ba,
Mai ciwon zuciya, in likita bai ce ba,
Ƙaramin yaro, jikinsa bai iya ba,
Mai maye kuwa ko gefe bai dace ba.

In ƙuna ta faru, ba man shafawa ba,
Ba man goge baki, ba ƙanƙara ba.
Ruwan sanyi minti 20, ba a gaza ba,
A zare zobe tun yatsa bai kumbura ba,
A rufe da tsabta, ba a fasa bororon ba.

Mai Taswira:

Malam, wani idon na tashin wari
Kamar ruɓaɓɓen ƙwai cikin tururi.
Wasu sun ce alamar magani ce tun fari,
Gaskiya ce, ko akwai haɗari?

Masanin Dutse:

Iskar farar wuta ce mai wannan wari.
Kaɗan a fili ba ta da wani tasiri,
Sai dai zoben azurfa mai kyan fari
Ta mai da shi baƙi da sauri.
Aibinta nauyi: takan kwanta a kwari,
A rami, a kogo, duk matsattsen wuri,
Balle ranar da iska ta yi shiru a sarari.
In ta yi yawa hanci kan daina jin wari,
Mutum ya ce ta wuce, alhali ta yi ƙari.
Ciwon kai, yajin ido, tari ko jiri,
A hau tudu nan take, ba jinkiri.
Matattun tsuntsaye a bakin wuri
Sun riga sun ba ka labari.

Anti Nas:

Ga wadda ido bai gani, mai muhimmanci:
Ƙwayar cutar amiba ce, a ruwan ɗumi take samun abinci.
Ba ta baki take cuta ba, sai ta hanci,
Ta hau ƙwaƙwalwa cikin ɗan lokaci.
Masu kamuwa da ita suna da ƙaranci,
Amma wanda ta kama, sai ikon Mahalicci.
Nutso da tsalle a nan ganganci,
Kai a sama, ko a matse hanci,
Tayar da lakar ƙasa ma sakaci.
In zazzaɓi da taurin wuya suka biyo, ba sassauci,
A gaya wa likita inda aka yi wanka, kan lokaci.

Ɗan Jagora:

Anti, bari in ɗora da batun hanya.
Ido da yawa a kwazazzabo suke, kogi a tsakiya,
Ruwa ya zuba a tsauni can baya,
Sama garau a kanka, sai ga ambaliya.
Kogi ya yi ja, ya taho da itace da ƙaya,
A bar kaya a haye, ba a tsaya.

Kuma kogin ne ke surka tafkin ya yi lafiya,
Da ya janye, awon bara ya zama ƙarya.
Takalmi mai kama dutse, gansakuka na da zamiya,
Kwalba in ta fashe ba a ganinta a tsakiya,
Sabulu kuma ba ya shiga, a bar shi a baya.
A juya da sauran rana, tocila na cikin kaya,
Don jikin da ya jiƙu a ɗumi yakan yi kasala gaba ɗaya,
Hawan dawowa ya fi gangarar zuwa wuya.