An nemi gabatar da sunana ga shirin IVLP na Amurka, me ya kamata in sani?

Ummu Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Sashen hulɗa da jama'a na ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya nemi takardar tarihin aikina, sun ce za su gabatar da sunana ga shirin IVLP (International Visitor Leadership Program, shirin gwamnatin Amurka na kai ƙwararrun wasu ƙasashe gajeriyar ziyarar aiki) a fannin lafiyar mata. Ke nan an zaɓe ni? Nawa zan tanada? Sannan na ji ana kai baƙi cin abinci gidajen mutanen da ba su sani ba. Yaya musulma za ta yi da wannan?

Malam Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tukuna dai. Ofishin jakadanci gabatarwa yake yi, ma'aikatar harkokin wajen Amurka a Washington ce ke amincewa, kuma tsakanin biyun ana iya ɗaukar watanni. Kada ki nemi hutu a wurin aiki sai takardar gayyata ta zo hannunki.

Shirin ya samo asali tun 1940, kuma ba a cike takardar nemansa. Duk wanda ya ce ki biya kuɗi ya sa sunanki, ɗan damfara ne. Shirin da mutum ke nema da kansa daban ne, kamar Mandela Washington Fellowship na 'yan shekara 25 zuwa 35.

Idan an amince, za a ba ki takardar DS-2019 mai shaida cewa kina cikin shirin, ki cike fom ɗin neman biza DS-160 a intanet, ki je ganawar biza nau'in J-1 ta masu ziyarar musanya. Gwamnatin Amurka ce ke ɗaukar nauyin jirgi da masauki da kuɗin abinci, kuma ba kya biyan kuɗin biza. Abin da mutane kan tsallake ba su karanta ba shi ne sharaɗin shekara 2: tunda da kuɗin gwamnati kika je, sai kin zauna a ƙasarki shekara 2 kafin ki cancanci bizar aiki irin H ko L, ko katin zama na dindindin. Bai hana ki neman bizar ziyara ba.

Hajiya Mai Ɗakin Karatu:
Ƙanwata, maganar cin abincin nan ita ce zuciyar shirin, kada ki guje mata.

Tafiyar kan kai mako 3. A fara da Washington, daga nan a zaga da ku garuruwa uku ko huɗu. A kowane gari akwai ƙungiyar mutanen garin da ke tsara muku ganawa, akasari ƙarƙashin Global Ties U.S., wadda aka kafa a 1961. Da yawa daga masu karɓarku 'yan sa kai ne: malamar makaranta da ta yi ritaya, ma'aikacin jinya, mai shago. Ba wanda ya biya su don su dafa muku. A ganawar ofis awa ɗaya ce, kowa na duba agogo. A teburin gida kuwa za ki iya tambayar nawa haihuwa ke ci wa mace marar inshora, a ba ki amsa ba ɓoye-ɓoye. Su ma za su tambaye ki, wani lokaci tambayar da za ta sosa miki rai game da hijabi ko auren mace fiye da ɗaya. Yawanci rashin sani ne ba raini ba, ki amsa a natse.

Tun a takardar farko ki rubuta ba kya cin naman alade, ba kya shan giya, har wadda aka zuba a girki. Idan ba ki natsu da yankan ba, ki ce kifi ko ganye. Matsala takan taso ne idan baƙo ya yi kawaici bai faɗa ba, sai an jera abinci ya ƙi taɓawa, mai gida ta rasa inda za ta sa kanta. Haka batun kare: gidaje da dama yana kwana a falo, yana tarar baƙo tun daga ƙofa. Ki gaya wa jami'in da ke rakiyarku kwana biyu kafin ranar, za a killace shi. Idan ba kya musabaha da maza, ɗora hannu a ƙirji tare da murmushi ya wadatar.

Abu Hanifa Zinder:
Ƙari kan tsaraba, Hajiya. Kada kilishi ko dambun nama ya shiga jakarki, kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga, kuma rashin bayyana abincin da ke jaka na jawo tara. Ƙaramar jakar fata ko faifai mai ado sun fi, guda shida zuwa takwas, marasa nauyi, domin za ki hau jiragen cikin gida sau da yawa kuma akwati ba ya wuce kilo 23.

A gidan abinci ana ƙara wa mai hidima kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ki sa shi a lissafi. Magungunan da kike sha ki tafi da su cikin kwalinsu da takardar likita, inshorar shirin ta haɗari ce da ciwon da ya taso a can. Salla kuma, ki nemi jadawalin gobe tun da dare ki ga inda azahar da la'asar suka faɗa, ki gaya wa mai rakiya ya samo miki ɗaki.

Ummu Sadiƙ:
Allah ya saka da alheri. Katin aiki guda nawa zan buga?

Hajiya Mai Ɗakin Karatu:
Ɗari ya isa. Bayan kowace ganawa ki rubuta a bayan katin da aka ba ki abin da kuka tattauna, ki tura imel na godiya kafin ki bar garin, da buƙata guda ɗaya takamaimai, kamar takardar horar da ungozoma da suke amfani da ita.