Amino asid a nonon akuya: wace kalma za mu tsayar?

Malaman gona da masu fassara, ku matso. Muna shirya bayani ga masu kiwon awakin madara kan yadda akuya ke haɗa furotin ɗin nononta, sai kalma ɗaya ta cije: amino asid.

A fara ganin aikinsu kafin a raɗa suna. Akuya ta ci harawa da tunkuza, ƙananan halittun da ke tumbinta su farfasa yawancin furotin ɗin su gina jikinsu da shi. Daga nan su kansu halittun su gangara hanji a narke su. Abin da hanji ya tsotsa shi ne amino asid. Jini ya kai su hantsa, hantsa ta jera su ta ƙulla kasin, furotin ɗin nan da ke daskarewa idan nono ya kama ya zama kindirmo, ko an yi cuku.

Amino asid iri 20 ne. Kusan rabinsu jikin akuya ba ya iya ƙera su, dole su zo ta hanji. Waɗanda suka fi saurin yankewa su ne lisin da metiyonin, kuma in ɗaya ya gaza, yawan sauran ba ya cike gurbinsa.

Wani ya ce a bar shi amino asid kawai. A aji babu laifi. Amma ka ce wa mai kiwo akwai asid a cikin abin da ke zama nono, ruwan batir zai tuna. An kuma kawo "ƙwayar furotin". Wannan ban yarda ba sam, ƙwaya ta riga ta yi nauyi: ga ta magani, ga ta cuta, ga ta 'yan shaye-shaye.

Ni ina bayan "tubalin furotin", jam'i tubalan furotin. Mun saba cewa abinci mai gina jiki, to gini da tubali ake yi, kunne ba zai yi tuntuɓe ba. Raunin kalmar, na sani, tubalan gini duk kamarsu ɗaya, waɗannan kuwa kowanne da siffarsa da gurbinsa. Sai a riƙa haɗawa da "iri-iri".

Ga gwaji: "Hantsar akuya tana ɗaukar tubalan furotin daga jini ta gina kasin, in tubalin metiyonin ya yi ƙaranci, furotin ɗin nono ya ragu."

Mutanen Maraɗi da Damagaram, masu jar akuya, ya wannan jimla ta zauna muku?